Yadda Ake Faɗin Ayashe

Juma'a, 3 ga Yuni, 1977. Ƙanƙara, bayan saukowa daga masallaci.

Matata Suwaiba ta sauka jiya da hantsi a gidan kakarta, a Ruwan Godiya. Mace aka samu. Ɗanliti, direban motar da ke ɗauko mana takin zamani daga Funtuwa, shi ya kawo mani labarin a sito, ya ce uwa da ɗiya lafiya. Na yi masa godiya, na ci gaba da auna wa manoma irin masara kamar ban ji komai ba. Sai da na iso gida na lura na baro hulata a kan buhu.

Ban share ɗakinta ba tukuna. In na share, na sa rai ke nan.

Wannan ce ta huɗu. Sauran ukun suna nan bayan rumbu, inda ban yarda a shuka komai ba.

Asabar, 4 ga Yuni. Bayan la'asar.

Na je na dawo. An yi ruwa wajen 'Yargoje, babur ya sha taɓo.

Goggo na tarar a tsakar gida tana hura wuta ƙarƙashin tukunyar wankan jego. Kakar Suwaiba ce ta wajen uwa, ita ta rene ta, amma kowa a garin Goggo yake ce mata, har jikokin. Ita ce ta zo da ƙafarta ta ɗauke Suwaiba tun cikin yana wata bakwai, ta ce wannan karon ba a Ƙanƙara za a haihu ba. Ban hana ba.

Tana ganina ta ce, "Malamin taki ya iso. Ku kama kaji, kada shi barbaɗa masu abin nan nashi su fi ƙarfin akurki."

Na durƙusa na ce, "Goggo, barka da arziki."

"Wane arziki? Wata 'yar aba ce ta hwaɗo mamu, ko tsokar kirki babu. Ka dai sha hanya a banza."

Na ɗauka wasan jika ne irin wanda ta saba yi mani. Amma da aka miƙo mani jaririyar don in yi mata huɗuba, sai na ga a tsumma aka naɗe ta, tsohon zane mai faci, alhali na aiko da sababbin kaya tun watan jiya. Na yi mata kiran salla a kunnen dama, na raɗa mata sunan da na zaɓa. Hajaratu. Tana da ɗan gashi kwance a goshi. Ban gama gani ba Goggo ta karɓe.

"Ya isa. Ba a daɗe ana kallo."

Suwaiba ta gaishe ni daga cikin ɗaki. Muryarta lafiya lau.

Alhamis, 9 ga Yuni. Magariba.

An raɗa suna. Na yi wani abu, ban san ko kuskure ba ne.

Asabar, 11 ga Yuni. Hantsi.

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zan daina juya shi a kaina.

Bayan an shafa fatiha an yanka rago, maza suka watse, sai Goggo ta aiko in zagayo bayan gida. Na zagaya. Jujin gidan yana nan gindin wata tsamiya, toka da ƙaiƙayi da fasassun tukwane. A samansa na ga faifai, a kan faifan ga 'yata. Mata suna tsaye nesa kaɗan, babu mai magana. Kusa da jujin ga Larai, maƙwabciyar Goggo, wadda ta haifi takwas kuma duka takwas ɗin suna raye.

Goggo ta ja ni gefe ta yi mani bayani. Matar da 'ya'yanta ba su tsayawa, wabi ke nan, haka ake yi mata. A nuna ba a son abin da ta haifa. A ajiye shi a juji, wata ta zo ta tsinta. Ta ce, "Larai za ta tambaye ka ko ta wa ce. Kai ko ka ce, a yashe ta nan, ba mu so. Ka wuce, kada ka waiwaya. Shi ke nan aikinka. Sunanta Ayashe daga yau."

Na ce, "Wa za a ruɗa da wannan, Goggo?"

"Mai ɗauka."

Ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Ni ma na lura ban rubuta shi ba.

Na taka har gaban jujin. Larai ta ce, "Malam, wannan ɗiya ta wa ce?" Na buɗe baki. Sai na ga tururuwa tana tafiya a gefen faifan, ta nufi kunnen yarinyar. Abin da na sani kawai shi ne na ɗauke ta, na rungume ta a ƙirji, na ce, "Tawa ce. Sunanta Hajaratu." Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji shirun da ya biyo baya.

Akwai wata kafa a jikin darnin gidan. Ta nan Suwaiba take kallo. Na ji ƙarar sakin asabarin ɗakinta.

Larai ta karɓi yarinyar daga hannuna ba tare da ta dube ni ba. Goggo ba ta yi mani faɗa ba, kuma ba ta yi mani wasa ba. Da na zo sallama ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Malam Mamuda." Tunda na auri jikarta ban taɓa jin ta kira sunana ba.

Litinin, 13 ga Yuni. Azahar.

Layin taki ya kai har bakin titi. Kowa takin sufa yake so, har waɗanda bara suka ce yana ƙona ƙasa. Na yi aiki sosai. Aiki yana taimakawa.

Laraba, 15 ga Yuni. Bayan la'asar.

Na je Ruwan Godiya. Suwaiba ba ta fito ba, ba ta kuma gaishe ni daga ciki ba. Aka ce barci take yi. Na ji motsin ludayi a cikin ƙwarya.

Yarinyar tana ɗakin Larai, sai lokacin shan nono ake kawo ta. Goggo ta gaya mani yadda aka shirya. Ko an yi arba'in Suwaiba ba za ta koma Ƙanƙara ba. Ɗiya ta Larai ce, ita ta tsinta, nan za ta zauna har yaye, uwar kuwa tana inda nono ya tsayar da ita.

Na ce, "Shekara biyu ke nan, Goggo."

Ta ce, "Da ka hwaɗi kalma huɗu ranar nan, da wata maganar ake. Kai ka tona mu."

Na tambaya ko shawarar Suwaiba ce. Ta ce in tambayi mai barci.

Ina iya kai magana gaban manya, na sani. Ina iya cewa a ba ni matata da 'yata, kuma za a ba ni. Amma me zan kawo gida ke nan?

Juma'a, 17 ga Yuni. Safe.

Na fara bin diddigin sunan, tunda ba ni da wani abin da zan bi.

Jiya Ɗanliti ya ce shi a ganinsa A'isha ce bakin ƙauye ya lanƙwasa ta koma Ayashe. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don na san A'isha da Larabci mai rai take nufi. Na yini ina riƙe da maganar.

Juma'a, bayan la'asar.

Na sami Liman a zaurensa. Ya yi dariya ya ce Ɗanliti ya tsaya ga tuƙi. Babu ruwan Ayashe da Larabci. Hausa ce tsantsa, irin ta kakanni. Yasarwa, wato a jefar da abu a tafi a bar shi. A yashe ta. Ya ce 'yan uwansa su ne Ajuji da Barau da Bawa, duk sunayen 'ya'yan wabi ne. Ba sunan yanka ba ne, ba a raɗa shi, ba a shafa masa fatiha. Mata ne suke sa shi a kan na gaskiya kamar yadda ake kifa ƙwarya a kan abinci.

Na tambaye shi abin da ya kawo ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba saɓo ba ne? Wa ake ɓoye wa abu?"

Ya ce, "Babu. Wanda ya ba da ita ya san inda take, ko a juji ko a gadon ƙarfe. Wanda ya ɗauka suna ne ke rayawa ya yi kuskure. Amma matar da ta wanke uku ta miƙa, ni ban iya zuwa in ƙwace abin da ta samu ta dafa ba. Wane suna ka yanka mata?"

Na gaya masa.

"To ai mai sunan ma ajiye ta aka yi a inda babu kowa, da jariri a hannu. Wanda ya ajiye ta bai waiwaya ba sai da ya sha kwana, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Kana jin don ba ya so ne?"

Ban sani ba ko lallashina yake yi. Liman mutum ne mai sauƙin kai, yana iya samo wa kowa labarin da zai kwana da shi.

Lahadi, 19 ga Yuni. Hantsi.

'Ya'yanmu na fari da na biyu, duka maza, ba su kai arba'in ba. Barakatu ce ta daɗe, har ta fara haƙori. Ni na zaɓa mata sunan, na bincika ma'anarsa, na yi ta gaya wa mutane. Ina ɗora ta a kan tankin babur in zagaya da ita tsakar gida, injin a kashe, ina yi mata ƙarar da baki. Har ƙofar gida nakan fita da ita a kafaɗa, maza suna zaune. Wani dattijo ya taɓa ce mani, "Malam, a riƙa ragewa." Na ɗauka kunya yake nufi.

Ba na cewa wannan ne. Na yi makaranta, na san zazzaɓi, na san abin da ruwan rijiya yake ɗauke da shi. Ina dai rubuta abin da ya faru ne.

Talata, 21 ga Yuni. Sabuwa, bayan azahar.

An turo ni nan in taya su rabon taki, na mako biyu. A bayan sito aka ba ni ɗaki. Ta Ruwan Godiya na biyo, ban tsaya ba. Na rage gudu daidai tsamiyar. Shanya kawai na gani, tsummoki ƙanana a kan darni.

Alhamis, 23 ga Yuni. Yamma.

A hanyar zuwa gonar gwaji na gwada faɗinsa. Babu kowa, sai dawa da ta fara kai gwiwa. Gaɓa uku ne, A-ya-she, babu abin wuya a ciki. Na faɗa a kan babur, iska ta kwashe. Na sake.

Na tuna yadda Goggo take faɗinsa. Da sauri, a guntule, kamar mai watsar da ruwan wanke-wanke. Ni in na faɗa sai ƙarshen ya ja, muryar ta sauka a hankali. Na yi ta gwadawa har na iso. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, ma'aikacin gwamnati, yana magana shi kaɗai a daji.

Asabar, 25 ga Yuni. Safe.

Ruwa tun asuba. Ko wa yake faso wa Suwaiba itacen wanka a wannan damina?

Litinin, 27 ga Yuni. Magariba.

Matar mai gadin sito tana da goyo. In ya yi kuka sai in fita in duba buhuna.

Alhamis, 30 ga Yuni. Ruwan Godiya, bayan la'asar.

Ɗanliti ya zo Sabuwa da kaya jiya, ya ce Larai ta tare shi a bakin hanya. Yarinyar ba ta kama nono, jikinta zafi, tana tari. Na baro aikin a hannun akawu.

Na same ta a ɗakin Larai, an shafa mata wani abu baƙi a maɗiga. Numfashinta yana fita da sauri, haƙarƙarin yana shiga yana fita. Na san wannan numfashin.

Na ce da Goggo za mu kai ta ɗakin shan magani a Faskari, yanzu, ga mota tana jira. Ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma ba a ɗaukar ɗiyar tsintuwa a mota kamar 'yar sarki, kowa yana gani. Babu wanda ya ce laifina ne. Duk gidan babu wanda ya faɗa.

Sai Suwaiba ta ɗaga asabari ta fito. Ta rame. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Kana tsammani ban san Allah ba ne?"

"Ban ce ba."

"Na san ba suna ke rayawa ba. Na sani sarai. Amma sau uku ina yin duk abin da ka ce. Ka ce a tafasa ruwa, na tafasa. Ka ce gidan sauro, na ɗaura. Ka zaɓi sunaye masu kyau, na kira su da bakina." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Wannan karon na ce bari in yi abu ɗaya da ban taɓa yi ba. Ɗaya. Don in an tashi ɗauka kada in zauna ina cewa da na yi. Kai kuma ka ɗauke ta."

Na ce, "Tururuwa na gani."

"Ni ma na gan ta. Ta kafar darni na gan ta. Ban motsa ba."

Ban taɓa tunanin abin da tsayuwar nan ta ci mata ba.

Na juya na ce da Goggo a kawo faifan. Na ce zan faɗa, amma daga juji sai mota, da yarinyar da uwarta. Goggo ta dubi Suwaiba. Suwaiba ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Ana yayyafi. Larai ta shimfiɗa buhu a kan tokar kafin ta ɗora faifan, Goggo ta yi kamar ba ta gani ba. Na taho. Larai ta ce, "Malam, wannan ɗiya ta wa ce?"

Na ce, "A yashe ta nan. Ba mu so."

"Mi sunanta?"

"Ayashe."

Na wuce. Tana tari a bayana. Ban waiwaya ba har na sha kwanar darni. A nan na tsaya, na yi abin da Liman ya ce wancan ya yi.

Goggo ta biyo ni da bargo. Ta ce, "Ka hwaɗa dai, amma ba haka a ke hwaɗi nai ba. Kai kamar mai lallashin amarya. Ko kurma ya ji ka ya san ƙarya ka ke."

Na ce zan gyara.

Larai da Suwaiba suka shiga gaba, yarinyar a cinyar Larai. Ni na hau baya cikin buhuna.

Juma'a, 1 ga Yuli. Faskari, hantsi.

Malamin asibiti ya ce sanyi ne ya shiga ƙirjinta. Ya yi mata allura jiya, ya ce kullum sai an yi har ta ƙare, kada a fasa ko ta ji sauƙi. Mun sauka a gidan wani ɗan uwan Larai. Da ya tambayi sunan yarinyar, ni da Suwaiba muka yi shiru, kowa yana jiran ɗaya. Larai ce ta amsa.

Asabar, 2 ga Yuli. Azahar.

Babu canji.

Lahadi, 3 ga Yuli. Azahar.

Babu canji. Suwaiba ta tatsa a cokali, ta ɗan haɗiya. Ina zaune a zaure. Ba na shiga, ba na tambaya da yawa. In Larai ta fito nakan ce, "Yaya 'yar taki?" Ita kuma ta ce, "Tana nan tana ba ni wahala." Na fara gane yadda ake yin maganar. Duk abin da kake son ji yana ciki.

Litinin, 4 ga Yuli. Bayan sallar asuba.

Ta kama nono.

Laraba, 6 ga Yuli. La'asar.

Zafin ya sauka tun jiya. Ta yi kuka mai ƙarfi har mai gidan ya ce wannan baƙuwa ba ta da kunya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Suwaiba ta kawo mani ruwan alwala da kanta. Ta ajiye butar, ta ce, "Rigar nan taka ta yi datti." Ta koma ciki. Na daɗe ina duban rigar.

Ba na cewa allura ce kaɗai, ba na cewa juji ne. Na san wanda zan ce in an tambaye ni a ofis. A nan ba a tambaye ni ba.

Asabar, 9 ga Yuli. Ƙanƙara, safe.

Sun koma Ruwan Godiya, ni na dawo bakin aiki. An yi mani faɗan baro Sabuwa ba izini, na karɓa.

Gidan shiru. Maganar yaye tana nan yadda take, babu wanda ya janye ta. Ɗiya ta Larai ce.

Na share ɗakin. Ban san dalili ba.

Lahadi, 10 ga Yuli. Bayan azahar.

Na yi ta tunani a tsare, yadda na saba. In ɗiya ta Larai ce, to ba ni da ikon in ce a ba ni. Wannan na yarda. Amma mai abu tana da ikon ta ba da aronsa. Ana aron turmi, ana aron jaki, ana aron yarinya ta taya amarya zama. Wanda ya ari abu bai ce nasa ne ba. Bai ma ce yana so ba, bukata ce kawai ta kama shi.

Wataƙila wauta ce. Wataƙila su yi mani dariya. Na sayi goro.

Talata, 12 ga Yuli. Magariba.

Yau aka yi arba'in. Babu ɗaya cikin 'ya'yanmu mazan biyu da ya ga wannan rana.

Na bari sai da mata suka ragu, na yi sallama a ƙofar Larai, na ajiye goron. Goggo tana nan zaune a kan turmi. Na san Suwaiba tana jin mu ta bayan darni.

Na ce, "Larai, aro na zo."

"Aron mi, Malam? In gatari ne an riga ka."

"'Yar nan da kika tsinta. Gidana ya yi shiru da yawa, ina neman abin da zai riƙa damun mutane. In babu takura."

Larai ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Wannan mai kukan? Ba ta da wani amfani fa."

"Na sani. Haka nan zan yi maneji."

"Kuma ba ta tafiya sai da mai ba ta nono."

"Ita ma sai in haɗa in ɗauka, tunda ya zama dole."

Goggo ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Malamin taki, ashe bokon nan naka yana da rana." Sannan ta daina dariyar, ta kafa sharuɗɗa. Ba a kiran sunan yanka sai an yaye ta. Ba sababbin kaya. Ba a fita da ita ƙofar gida a kafaɗa, ba a ɗora ta a babur. Duk wanda ya tambaya, ta mutane ce. In Larai ta aiko a kawo mata abinta ta gani, a kawo. Na amsa duka. Ni ma na kafa nawa, cewa ruwa sai an tafasa, kuma in jiki ya yi zafi asibiti za a nufa ba sai an jira ni ba. Goggo ta ce wannan tsakanina da matata ne.

Larai ta ce, "To na ba ka aro. Ka maido mani ita da ƙafarta."

Ta san abin da ta faɗa. Duk mun sani.

Da zan tafi Goggo ta rako ni har wajen tsamiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallon jujin. Ta ce uwar Suwaiba a nan aka tsince ta, Ajuji ake ce mata, bayan biyar da suka wuce. Ta rayu har ta yi aure ta haihu.

Na ce, "Goggo, ki koya mani faɗin sunan nan. Na yi ta gwadawa, ƙarshen yana ja."

Ta ce, "Ɗaga murya za ka yi."

"Shi ke nan?"

"Mi ka ke tsammani ya sa ni ke hargowa? Shekara ashirin ina kiran Ajuji, ban taɓa iya hwaɗi nai daidai ba. In na yi a hankali, ji a ke." Ta juya. "Tahi, hadari na tasowa."

Asabar, 16 ga Yuli. Ƙanƙara, bayan la'asar.

Ɗanliti ya sauke su da hantsi, da ƙullin kaya da tukunyar da Goggo ta ce ita ma aro ce. Suwaiba ta shiga ɗakin, ta duba ƙarƙashin gado, ta ce sharar maza. Ta sake sharewa.

Ba ta kalli wajen rumbu ba. Ni ma ban kalla ba.

Hayaƙi yana tashi a madafa. A kan igiya akwai tsummoki. Ina zaune a zaure ina wannan rubutu sai dattijon nan maƙwabcina ya leƙo, ya ji kuka, ya ce, "Malam, baƙi aka yi?"

Na ce, "Wata 'yar mutane ce muka aro."

Ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba. Ya ce, "Yaya sunanta?"

Na ɗaga murya yadda aka koya mani, na faɗa masa. Ya ce Allah ya sa mai ita ta daɗe ba ta karɓa ba, ya tafi.

Can sai na ji Suwaiba daga tsakar gida.

"Malam."

"Na'am."

"Har yanzu kana jan ƙarshen."

"Na sani. Ina ƙoƙari."

Ina jin tana jijjiga goyon.

Ta ce, "Bar shi haka."